Daga Harbi Zuwa Riƙo: Yadda Gwanaye Suka Ƙwace Ƙwallon Finbol Daga Hannun Sa'a

Ko da kunne kaɗai ana iya bambanta gwani da ɗan koyo a wasan finbol. Na'urar ɗan koyo ba ta yin shiru. Tun ƙwallo na can sama yake dannan maɓallan biyu a tare, fat-fat, fat-fat, kafin a cika minti ɗaya ƙwallon ya zurare ta tsakiya ya faɗa rami. A wajen gwani kuwa bugu ɗaya za ka ji, sai tsit, har ka ɗauka wasan ya ƙare. In ka leƙa sai ka tarar da ƙwallon kwance a jikin sandar bugu, gwanin ya ɗaga kai yana karanta allon maki, yana shawarar inda zai aika shi.

Ga wanda bai taɓa tsayawa gaban na'urar ba, teburi ce mai ƙafa huɗu da murfin gilashi, filinta ya ɗan gangaro zuwa wajen mai wasa. Ƙwallon ƙarfe ne mai faɗin milimita 27 da nauyin kusan giram 80. Ana harba shi sama ta wani siririn layi a gefen dama, ya yi ta karo da turaku da robobi yana tara maki yana saukowa. A ƙasa akwai 'yan sanduna biyu da ake kira filifa, kowace da maɓallinta a gefen teburin, da su ake mayar da ƙwallon sama. Tsakaninsu akwai rata, ratar nan kuwa ita ce mutuwa. Da yawa daga cikinmu a kwamfuta muka fara ganin wasan, ta hanyar 3D Pinball Space Cadet da ke zuwa tare da Windows har zuwa zamanin XP, wanda ya cinye wa mutane lokaci a ofisoshi da shagunan intanet. Amma asalin abin na katako ne da ƙarfe da roba, kuma garinsa Chicago ta Amurka.

Tarihin wannan wasa, a ganina, tarihin tambaya ɗaya ce: wa ke da iko da ƙwallon bayan an sake shi? An ɗauki shekaru masu yawa amsar ita ce sa'a. Daga baya aka ba hannu damar bugu. Sai a ƙarshe aka gane cewa tsayar da ƙwallo ya fi buga shi wuya, ya kuma fi kawo maki.

Kakan wasan shi ne bagatel na attajiran Faransa a ƙarni na 18, teburi mai gangare da aka kafa wa ƙusoshi, ana tura ƙwallo da sanda irin ta sunuka. A 1871 wani Baturen Ingila mazaunin Cincinnati a jihar Ohio, Montague Redgrave, ya yi rajistar wata ƙirƙira: ya maye gurbin sandar hannu da 'yar sanda mai sifirin, a ja a saki. Har yau wannan sandar harbi tana nan a kusurwar dama ta yawancin na'urori.

Wasan bai zama na talaka ba sai a 1931, ana tsakiyar karayar tattalin arzikin Amurka. David Gottlieb ya fito da Baffle Ball a Chicago, ƙaramin akwati da ake ɗorawa kan kanta, farashinsa dala 17.50, da kwabon Amurka ɗaya mutum zai yi wasa. An sayar da sama da 50,000. Ray Moloney ya biyo baya da Ballyhoo, wadda daga sunanta kamfanin Bally ya samo nasa. A waɗannan akwatuna dabara biyu ce kawai ta rage wa mai wasa. Ta farko, ya san iya nisan da zai ja sandar harbi. Ta biyu, ya girgiza akwatin. Mutane kuwa sun girgiza: suna duka da tafin hannu, suna ɗaga gefe, suna karkatar da shi gaba ɗaya don ƙwallo ya faɗa ramin da ya fi maki.

Harry Williams ne ya kawo maganin wannan a farkon shekarun 1930. Ya ɗora wani ɗan ƙwallo a kan siririn turke cikin na'urar. In aka girgiza fiye da kima, sai ya faɗo kan zoben ƙarfe, wasa ya mutu nan take. Daga baya aka koma ga wani dunƙulen ƙarfe mai siffar mazurari da ke reto a tsakiyar zobe. Da zarar ya taɓa zoben, wuta ta haɗu, na'ura ta ɗauke. Wannan shi ne abin da ake kira tilt, kuma yana da kyau a tsaya a kansa, domin mutane da yawa suna ɗaukarsa haramcin girgiza ne. Ba haka ba ne. Iyaka ya sa wa girgiza, kuma iyakar ce ta mayar da girgiza gwaninta. Kafin zuwansa mai ƙarfi ne ke cin riba. Bayan zuwansa sai wanda ya san yadda zai ba teburi ɗan gajeren naushi a daidai lokacin da ƙwallo ya taɓa roba, ya kuma bar abin retawar ya lafa kafin ya ƙara. Girgiza teburi yayin da ƙwallo ke gudu a sarari ba ya canza masa hanya sosai. Sai ya jingina da wani abu sannan turin ke isa gare shi. Wannan shi ne darasin farko na sarrafa ƙwallo, kuma ya girmi filifa da fiye da shekara goma.

Williams ɗin dai shi ne ya shigo da lantarki cikin wasan da na'urar Contact a 1933, mai rami da ke tofo ƙwallo waje. Bally ta kawo Bumper a 1936. Sai dai a shekarun nan ne kuma aka yi ta ƙera na'urorin da ke zubo kuɗi in an ci, wasu masu shaguna kuma suna biyan kuɗi a madadin wasan kyauta. Wannan caca ce tsagwaronta, ba wata kwana-kwana. A Janairun 1942 magajin garin New York, Fiorello LaGuardia, ya haramta finbol, 'yan sanda suka kwashe dubban na'urori, aka farfasa su da guduma a gaban masu ɗaukar hoto. Los Angeles ta riga ta haramta tun 1939, ita kanta Chicago da ke ƙera su ta hana a buga su cikin gari. In za a yi adalci, LaGuardia bai yi ƙarya ba game da na'urar da ke gabansa. Yaro ya jefa kuɗin abincinsa, ya ja sanda, ya zuba ido: rabon hannunsa a sakamakon kaɗan ne ƙwarai. Laifin dokar shi ne ta tsaya cak shekara 34, alhali na'urar ta canza tun dokar tana shekara biyar.

A Oktoban 1947 kamfanin Gottlieb ya fito da Humpty Dumpty, ƙirar Harry Mabs, mai filifa shida, uku a kowane gefe, suna fuskantar waje. Ba su da ƙarfi, shi ya sa aka jera su hawa uku don a riƙa miƙa ƙwallo daga wannan zuwa wancan har ya koma sama. Maɓalli ɗaya ke motsa ukun gefe ɗaya a tare. Da wuya a ce ana saiti da su, amma a karon farko ƙwallon da ya kama hanyar rami yana iya komawa inda ya fito bisa umarnin yatsa. Nan da nan kasuwar na'urori marasa filifa ta faɗi, har aka riƙa sayar da kayan da za a ɗaura wa tsofaffin don su ma su samu.

Steve Kordek, wanda ya rasu a 2012 yana da shekara 100, shi ne ya rage su zuwa biyu ya sauko da su ƙasa a Triple Action ta kamfanin Genco a 1948, ya kuma ƙara musu ƙarfi yadda bugu ɗaya zai kai ƙwallo ƙarshen fili. Har lokacin dai suna kallon waje. A 1950, a na'urori irin su Spot Bowler ta Gottlieb, aka juyo da su suna fuskantar juna kamar yadda muka san su yau.

Akwai wani abu a ƙarƙashin katako da ba a cika ambatonsa ba, alhali shi ne uwar duk dabarun da suka biyo baya. Filifa kwayil ke jan ta, wato naɗin waya da ke zama maganaɗisu in wuta ta bi ta cikinsa. Wutar da ke ba da ƙarfin bugu tana da yawa. In ta daɗe tana bi, kwayil zai ƙone. Wasu na'urorin farko sun kauce wa wannan ta hanyar sa filifa ta yi bugu ɗaya ta koma ƙasa, ko da mutum bai saki maɓalli ba. Tsarin da ya yi nasara kuwa naɗi biyu yake da shi: ɗaya mai ƙarfi na bugu, ɗaya mai rauni na riƙo. Da filifa ta kai ƙarshen tafiyarta sai ta buɗe wani ɗan makunni, wuta ta ragu, ta iya tsayawa a ɗage muddin yatsa na kan maɓalli. Injiniyoyi sun yi haka ne don kare kwayil. Masu wasa kuwa suka gano cewa filifar da ke ɗage tana yin kwari tsakaninta da shingen da ke bayanta, kuma ƙwallon da ya zo a hankali zai gangara cikin kwarin ya kwanta. Daga nan riƙo ya samo asali.

Bai bunƙasa nan da nan ba. Filifar shekarun 1950 da 1960 inci biyu ce tsawonta, gangaren fili bai wuce digiri uku da rabi ba ko kusa da haka, ƙwallo na yawo a hankali yana tsalle tsakanin bamfofi, wato turakun da ke tunkuɗe ƙwallo. Gwanin wancan zamani gwanin girgiza ne da sandar harbi. Yakan riƙe ƙwallo in dama ta samu, amma ba a kanta ya dogara ba. A 1968 kamfanin Williams ya sa filifa mai inci uku a Hayburners II, sauran suka bi sahu. A shekarun 1970 kuma tsarin ƙasan fili ya zauna yadda yake yanzu: a kowane gefe akwai layin waje mai kai ƙwallo rami, da layin ciki mai gangaro da shi kan filifa, da roba mai kusurwa uku da ke harba ƙwallo gefe in ya taɓa ta. Layin cikin nan kyauta ce babba, domin yana kawo ƙwallo a kan hanya ɗaya da gudu kusan iri ɗaya kowane lokaci.

Inci ɗayan da aka ƙara shi ya buɗe ƙofar saiti. Ga yadda abin yake. Ƙwallo na kwance a filifar dama, ka saki maɓalli, filifa ta sauka, ƙwallo ya fara gangarowa daga gindi zuwa baki. In ka buga da wuri yana kusa da gindi, zai tashi kusan miƙe, ko ya nufi gefen dama inda ya fito. In ka jinkirta har ya kusa baki, zai tsallaka can gefen hagu. Duk wuraren da ake so a buga a fili suna jere ne a kan wannan 'yar tafiyar inci uku, tazarar da ke tsakanin wani da wani kuwa ba ta kai ƙiftawar ido ba. Shi ya sa gwanaye ke yi wa filifa alama da ido: wannan layi yana daidai inda roba ta ɗan goge, wancan rami yana gab da baki. In bugu ya kauce, tambayar da gwani ke yi wa kansa ɗaya ce, na yi wuri ko na makara? Sai ya gyara a na gaba. Amma gyaran ba ya yiwuwa sai ƙwallo ya taso daga wuri ɗaya da gudu ɗaya. Wanda ke bugun ƙwallo a guje, kowane bugu sabon lissafi ne gare shi.

A wannan yanayi aka kai ga Afrilun 1976, lokacin da ƙungiyar masu harkar na'urorin nishaɗi ta kawo Roger Sharpe, matashin marubuci da ya yi rubutu kan finbol a mujallar GQ, gaban majalisar birnin New York don ya nuna cewa wasan na gwaninta ne. An tanadi na'ura biyu. Wani ɗan majalisa da ke zargin an yi wa ta farko coge ya ce a koma ta biyu, Bank Shot ta Gottlieb. Sharpe ya yi ta wasa yana faɗin abin da zai buga kafin ya buga. A ƙarshe ya nuna layin tsakiya na saman fili ya ce nan zai sa ƙwallo, ya ja sandar harbi, ya saki, ƙwallon ya bi ta nan. Majalisa ta ɗage haramcin. Kotun ƙolin California ta riga ta soke na Los Angeles a 1974, Chicago ta biyo baya a 1977.

Labarin wannan harbi ya shahara har an yi fim a kansa a 2022, shi kansa Sharpe ya sha faɗin cewa akwai sa'a a cikinsa. Ni abin da ya fi burge ni shi ne mintocin da suka gabaci harbin, inda yake tare ƙwallo, ya ambaci wuri, ya buga, ya sake tarewa. Harbi ɗaya yana iya dacewa ga kowa. Maimaitawa ita ce hujjar da ba ta da amsa.

A ƙarshen shekarun 1970 ƙwaƙwalwar kwamfuta ta maye gurbin tarin makunnai da ƙafafun lissafi da ke cikin na'ura. Wannan ya canza ma'anar cin maki. Na'ura ta iya tuna abin da kowane mai wasa ya buga daga ƙwallo zuwa ƙwallo, ta iya cewa buga nan sau uku, sannan can, sannan wancan rami zai ba da ninki. Firepower ta 1980, ƙirar Steve Ritchie, ta ba mai wasa damar sauya fitilun layukan sama da maɓallin filifa, ta kuma saki ƙwallo uku a lokaci ɗaya. High Speed ta 1986 ta sa babban rabo a kan bugu guda da dole a same shi ana tsakiyar wannan hargitsi. Gadoji suka shigo, masu ɗaukar ƙwallo sama su dire shi a layin ciki. Gangaren fili ya ƙaru zuwa digiri shida da rabi, filifa ta ƙara ƙarfi. Tunda maki sun taru a wurare ƙalilan, wanda ya iya bugun wuri ɗaya sau goma a jere ya yi wa mai bugun kan-mai-uwa-da-wabi fintinkau, ba da kaɗan ba, ninkin-ba-ninkin.

Daga nan duk tunanin gwanaye ya koma kan abu ɗaya: yaya za a kashe gudun ƙwallon da ke dawowa? Dabarar da ta fi sauƙin faɗi ita ta fi wuyar yi, wato ka ƙi bugu. Ƙwallo na saukowa kan filifar hagu, ka bar ta kwance, ƙwallon ya daki robarta ya yi tsalle zuwa ta dama, gudunsa ya ragu, ka ɗaga ta dama ka tare shi. Babu abin da yatsa zai yi sai haƙuri, amma duk jikin ɗan koyo na ce masa buga. Sai ya yarda da robar kafin ya iya. Kuma dole ido ya tantance: in ƙwallon zai sauka gab da bakin filifa, ko robar ta tsufa ta daina tsalle, barin sa hallaka ne.

Sai cafewa iri biyu. A ta farko, filifa na ɗage tana jira, a daidai lokacin da ƙwallo ya taɓa ta sai ka saki maɓalli. Filifar ta ja da baya tare da shi, ta shanye ƙarfinsa, kamar yadda gwanin ɗan ƙwallon ƙafa ke janye ƙafarsa in zai kashe dogon fasin da aka aiko masa. Ƙwallon yakan ɗan hau layin ciki ya dawo a hankali. A ta biyu akasin haka ake yi: filifa na kwance, ka ɗaga ta yadda za ta kai ƙarshen tafiyarta a daidai isowar ƙwallo. In lokaci ya yi daidai sai ka ji wani ɗan tak, ƙwallon ya tsaya kamar an manna shi, ya gangara cikin kwari. In ka makara kaɗan, ka yi bugun da ba ka nufa ba. In ka yi wuri, ya yi tsalle ya tafi abinsa.

In kuma ƙwallo na hannun dama alhali abin da ake so daga hagu ake samunsa, akwai hanyoyin miƙawa. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce a saki maɓalli a sake danna shi cikin sauri, ƙwallon ya ɗan tashi ya daki turken ƙasa na robar kusurwa uku da ke samansa, ya faɗa ɗaya filifar. Akwai wadda ake barin ƙwallo ya kai can bakin filifa sannan a buga, ya tafi a kwance ya shige layin cikin ɗaya gefen. Masu gasa suna kiranta da sunan Neil Shatz, wanda ya shahara da ita. A tsofaffin na'urorin Bally na ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 kuma ɗan taɓa maɓalli kaɗan ya isa ya ɗaga ƙwallo ya tsallake rata. Kowace na'ura da abin da take karɓa, shi ya sa gwani ke gwada su tun a ƙwallon farko.

Duk waɗannan suna tafiya da wata fahimta da ba a rubuta a jikin na'ura ba: ƙwallon da ke tafiya sama da ƙasa abokin mai wasa ne, wanda ke tafiya gefe da gefe kuwa ajali ne. Robobin kusurwa uku suna jefa shi tsakaninsu har ya faɗa layin waje. Saboda haka gwani ba ya tambayar nawa wannan bugu zai ba ni kawai, yana tambayar ina ƙwallon zai koma in na samu, ina kuma zai koma in na kuskure. Sau da yawa yakan bar bugu mai maki da yawa ya zaɓi mai kaɗan da ke dawo da ƙwallo hannunsa. Yakan fi son buga wurin da ke gefen dama da filifar dama, domin kuskuren irin wannan bugu ya fi dawowa a hankali. A lokacin ƙwallaye da yawa kuma, inda ɗan koyo ke rikicewa yana bugun duk abin da ya motsa, shi sai ya tara biyu a filifa ɗaya ya riƙe, ya yi ta aiki da na ukun a ɗayar.

Masu ƙera na'ura ma sun rabu kan wannan. An san Ritchie da filin da bugu ke bin bugu cikin gudu, gada ta miƙa wa filifa, filifa ta miƙa wa wata gadar, ba a tsayawa. Pat Lawlor kuwa ya fi son a tsaya, a yi saiti, a buga. The Addams Family tasa ta 1992, wadda aka ƙera 20,270, adadin da babu wata na'ura mai filifa da ta kai, tana da maganaɗisu a ƙarƙashin fili da ke fizgar ƙwallo daga hanyarsa a wasu lokuta, don dai a rikita mai lissafi. Ina ganin daɗin kallo yana wajen Ritchie, amma a gasa, ko a na'urar Ritchie, wanda ya san lokacin da zai katse gudun ya tare ƙwallo shi ke daɗewa.

Daɗewar nan kuwa ba ta yi wa masu ajiye na'ura a shaguna daɗi, domin wasan da ya wuce 'yan mintoci asara ne gare su. An rage ƙwallaye daga biyar zuwa uku. An sa turakun layin waje masu matsawa, mai shago ya faɗaɗa bakin ramin yadda yake so. A farkon shekarun 1990 wasu na'urorin Williams, irin su Fish Tales da Bram Stoker's Dracula, sun fito da filifa da aka rage wa kashi ɗaya cikin takwas na inci. Ragin bai kai faɗin ƙwayar shinkafa biyu ba, amma duk wanda ya buga su ya san ratar tsakiya ta ƙara baki.

Kasuwa ta durƙushe a ƙarshen shekarun 1990. Gottlieb ta rufe a 1996, Williams ta bar ƙera finbol a 1999, aka bar kamfanin Stern shi kaɗai tsawon shekaru, sai a 2013 kamfanin Jersey Jack ya fito da The Wizard of Oz. Abin lura shi ne a wannan zamanin fari ne ilimin sarrafa ƙwallo ya fi yaɗuwa. Na'urori sun bar shaguna sun koma gidajen masu sha'awa, inda mutum zai cire gilashi, ya ɗauki ƙwallo da hannu, ya yi ta sako shi kan filifa yana gwada cafewa ɗaya har ta zauna masa. Gasar PAPA, wadda Steve Epstein da Roger Sharpe suka assasa a New York aka fara a 1991, ta koma yankin Pittsburgh a 2004. Ƙungiyar IFPA ta fara jera 'yan wasan duniya bisa maki a 2006, ƙarƙashin shugabancin ɗan Sharpe, Josh. Bowen Kerins, marubucin littattafan lissafi da ya ci kambun duniya fiye da sau ɗaya, ya yi ta fitar da bidiyon koyarwa da kyamara a saman fili, yana wasa yana bayyana dalilin kowane bugu. Abin da a da sai ka tsaya bayan gwani a gidan wasa ka sata da ido, ya zama kowa na iya tsayar da hoto ya maimaita.

Da gwanaye suka yawaita, sai masu shirya gasa suka koma tsananta na'ura, in ba haka ba wasa ɗaya sai ya ci awa. Suna cire robar turakun layin waje, suna kashe ƙarin ƙwallo na kyauta, suna matse abin retawar nan na Harry Williams yadda ɗan turi zai jawo gargaɗi, tilt kuwa yana cinye ƙwallon da duk ladan da aka tara a kansa. Sun halatta marin gefen teburi tare da bugun filifa biyu a jere don ceto ƙwallon da ya nufi tsakiya. Sun haramta dabarun dawo da ƙwallon da ya riga ya wuce filifa ta hanyar dukan teburi ko fizgarsa. Na yarda da wannan iyaka, domin ceto kafin faɗuwa aikin ido da lokaci ne, bayan faɗuwa kuwa yawanci aikin ƙarfi ne da ke lalata na'ura.

A 2017 Escher Lefkoff ya ci babbar gasar PAPA yana da shekara 13, a gaban mutanen da suka fara gasa tun ba a haife shi ba. Yaran da suka taso da bidiyo da na'ura a gida suna cafe ƙwallo yadda na da ke bugunsa, ba tare da tunani ba. Gwanaye kuma sun shiga masana'anta. Lyman Sheats, zakaran gasa da ya rasu a 2022, shi ya rubuta manhajar Attack from Mars da Medieval Madness. Keith Elwin, wanda da yawa ke ɗauka babu kamarsa a tarihin gasa, ya koma ƙera wa Stern na'urori: Iron Maiden a 2018, Jurassic Park a 2019, Godzilla a 2021. A filayensa akwai filifa ta uku, wani lokaci har ta huɗu, a sama ko a gefe, inda ƙwallo ke wucewa a guje kuma babu kwarin da za a kwantar da shi. Dole a buga shi yana tafe. Manyan maki kuma ya ɗaura su a kan bugu biyu ko uku a jere cikin 'yan daƙiƙoƙi, yadda wanda ya tsaya riƙo bayan kowane bugu zai tarar lokaci ya ƙure masa.